Tsakanin Zato da Hujja: Sharhi a kan Littafin Susan Williams Game da Mutuwar Dag Hamashold

1.0 Gabatarwa

A daren 17 ga watan Satumba 1961, wayewar garin 18, wani jirgin sama ya faɗi a dajin da ke kusa da garin Ndola, a ƙasar da a lokacin ake kira Rodeshiya ta Arewa, watau Zambiya ta yau. Mutum 16 ne a cikin jirgin, 15 suka mutu a wurin, na 16 kuma ya cika a asibiti bayan 'yan kwanaki. Babba a cikinsu shi ne Dag Hammarskjöld, mutumin Suwidin, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun daga 1953, wanda za a riƙa rubuta sunansa Hamashold a wannan maƙala, bisa yadda ake furta shi. Tun daga wannan rana ake taƙaddama a kan abu guda: shin jirgin faɗuwa ya yi, ko kuwa kayar da shi aka yi?

A 2011, shekara 50 ke nan cif bayan aukuwar abin, Susan Williams, masaniyar tarihi a Jami'ar Landan wadda ta tashi a Zambiya, ta fitar da littafi mai suna Who Killed Hammarskjöld?, watau wa ya kashe Hamashold. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna wannan littafi a matsayinsa na rubutun da ya ɗauki zargi ya nemi ya mai da shi hujja. Za a duba abu uku: irin shaidun da littafin ya dogara a kansu, da yadda ya jera su, da kuma ko abin da ya kawo ya kai nauyin tambayar da ya ɗora a bangonsa. Wannan batu ya shafi manazarcin harshe da al'ada kai tsaye, domin a ƙarƙashinsa akwai tambayar da ta fi ta jirgin sama girma, watau maganar wa ake karɓa a matsayin shaida, maganar wa kuma ake jefarwa a kwandon jita-jita.

2.0 Matashiya a kan Rikicin Kwango

Kwango ta sami 'yancin kai daga Beljiyam ran 30 ga Yuni 1960. Ba a yi mako biyu ba, ran 11 ga Yuli, Moyis Chombe ya ce lardin Katanga ya ɓalle. Katanga ce rumbun ma'adinan ƙasar, musamman tagulla, kuma kamfanin haƙar ma'adinai na Union Minière, wanda jarin Beljiyam da na Ingila ke cikinsa, shi ne ginshiƙin tattalin arzikin gwamnatin Chombe. Majalisar Ɗinkin Duniya ta aika da rundunar kiyaye zaman lafiya, a cikinta har da sojoji da 'yan sandan Nijeriya. An kashe Firayim Minista Patiris Lumumba a Katanga ran 17 ga Janairu 1961. Ran 13 ga Satumba na wannan shekara kuma faɗa ya ɓarke tsakanin rundunar Majalisar da dakarun Katanga, waɗanda sojojin haya Turawa ke jagoranta.

Don a kashe wannan wuta ne Hamashold ya tashi daga Leopoldville, watau Kinshasa ta yau, zai sadu da Chombe a Ndola. Jirgin samfurin DC-6 ne, na wani kamfanin Suwidin, ana yi masa laƙabi da Albertina. Saboda tsoron jirgin yaƙin Katanga samfurin Fouga, wanda ya addabi rundunar Majalisar a kwanakin, matuƙan suka yi zagaye mai nisa ta gabas, suka kuma yi shiru a rediyo mafi yawan tafiyar. Da sha biyun dare ta gota kaɗan jirgin ya ratsa ta saman filin jirgin Ndola, ya yi magana da hasumiya, ya juya don ya sauka. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Bisa bayanin hukuma, ba a gano tarkacensa ba sai bayan ƙarfe 3 na yamma, kimanin awa 15 ke nan, alhali mil 9 ne kawai ko kusa da haka tsakanin wurin da filin jirgin.

An yi bincike uku a jere. Na farko, na masana harkar jiragen sama na Rodeshiya, bai tsayar da dalili guda ba. Na biyu, na hukumar da gwamnatin Tarayyar Rodeshiya da Niyasaland ta kafa ƙarƙashin Babban Joji Sir John Clayden, ya yanke a 1962 cewa kuskuren matuƙa ne. Na uku, na Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ma a 1962, ya ce bai sami hujjar hari ko zagon ƙasa ba, amma kuma ba zai iya kore su ba. A wannan giɓi da ke tsakanin bincike na biyu da na uku ne littafin Williams ya kafa turakunsa.

3.0 Ma'aunin Nazari

Kafin a shiga cikin littafin, ya kamata a tsayar da ma'auni. Hausa tana da kalmomi a jere da ke nuna matakan da magana ke bi daga baki zuwa gaban alƙali. Akwai ƙishin-ƙishin da raɗe-raɗi da jita-jita, waɗanda ba su da uba. Akwai zato, wanda ke cikin zuciyar mutum guda. Akwai zargi, wanda ya fito fili ya nuna wani da yatsa. Akwai tuhuma, wadda ta isa gaban hukuma. Sa'an nan akwai shaida da hujja. Karin maganar Hausa ma sun rabu biyu a kan batun. Wasu suna ba zargi ƙarfi, kamar "ruwa ba ya tsami banza" da "biri ya yi kama da mutum". Wasu kuwa suna ja masa linzami, kamar "zato zunubi, ko da ya zama gaskiya" da "gani ya kori ji".

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan alƙalai na ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ya ware wani matsayi na tsakiya a shari'ar kisan kai, wanda malamai ke kira lausu. Lausu alama ce mai ƙarfi da ta wuce zato amma ba ta kai cikakkiyar shaida ba, alal misali shaidar adali guda ɗaya, ko kuma furucin wanda aka raunata kafin ya cika cewa jininsa yana wuyan wane. Ita kaɗai ba ta isa hukunci ba, sai dai tana buɗe ƙofar ƙasama, watau rantsuwa 50 ta dangin mamaci. Wani abin lura kuma shi ne, a mazhabar, samun gawa a unguwar wasu mutane shi kaɗai ba ya zama lausu a kansu. Ba an kawo wannan don a yi wa al'amarin Ndola shari'a da shi ba ne. An kawo shi ne don yana ba mai nazari matakai uku bayyanannu: abin da yake zato ne kurum, da abin da ya isa a buɗe shari'a saboda shi, da abin da ya isa a yanke hukunci da shi. Da waɗannan matakai za a auna littafin.

4.0 Inda Littafin Ya Yi Zarra

4.1 Bincike a Hannun Mai Ruwa da Tsaki

Babban aikin da Williams ta yi shi ne komawa ga takardun asali, musamman na Sir Roy Welensky, Firayim Ministan Tarayyar, da ke ajiye a Oxford, da na Lord Alport, wakilin Ingila a Tarayyar, da ke Jami'ar Essex. Daga cikinsu ta nuna cewa gwamnatin da ta yi binciken ba 'yar ba-ruwanmu ba ce. Welensky yana goyon bayan Chombe a fili, yana kuma ganin rundunar Majalisar a bakin iyakarsa barazana ce ga mulkin Turawa tsiraru. Hukuncin da zai fi yi wa irin wannan gwamnati daɗi shi ne a ce laifin matuƙa ne, mutanen wata ƙasa, waɗanda kuma sun riga sun mutu.

Haka nan ta jera abubuwan da suka faru a daren waɗanda har yau ba su da gamsasshen bayani. Alport yana filin jirgin, ya kuwa tsaya a kan cewa Hamashold ya sauya shawara ne ya nufi wani wuri. Aka rufe filin, manajansa ya tafi ya kwanta. Ba a ɗauki maganar hasumiya da jirgin a faifai ba, sai daga baya aka rubuta ta daga 'yan bayanan da jami'in hasumiyar ya ajiye da abin da ya iya tunawa. Ba a tashi jiragen nema ba sai da hantsi ya dubi ludayi, ko da yake tun cikin dare an kai rahoton ganin haske a sama. A wannan ɓangare littafin bai dogara da zato ba. Abubuwa ne da ke rubuce a takardun hukuma, marubuciyar ta dai tattaro su ne ta ajiye su gefe da gefe.

4.2 Shaidar Masu Gawayi

Sashen da ya fi kowanne daraja a littafin shi ne wanda ya dawo da muryar 'yan ƙasa. A dajin da jirgin ya faɗi akwai masu yin gawayi, waɗanda sana'arsu ta sa suke kwana a waje suna tsaron wutarsu. Da yawa daga cikinsu, da kuma wasu mazauna unguwar baƙar fata ta Twapia, sun ba da shaidar cewa jirage biyu suka gani, ƙarami yana bin babba, wasu kuma suka ce sun ga wuta a jikin babban tun yana sama. Timothy Kankasa, sakataren hukumar unguwar Twapia, wanda daga baya ya riƙe manyan muƙamai a gwamnatin Zambiya, yana cikin masu wannan shaida.

Hukumar Rodeshiya ta yi watsi da maganarsu. Wasu an ce sun rikice a kan lokaci, wasu an ce fitilun jirgi ɗaya suka ɗauka na jirage biyu ne, wasu kuma an ce ƙiyayyar da suke yi wa Tarayyar ce ta sa su faɗin abin da suka faɗa. Wani mai ba kwamitin Majalisar shawara, tsohon jami'in binciken laifuka na Amurka, shi ma ya rubuta rahoton da ya rage musu daraja. Williams ta nuna cewa ba a sa wa shaidu Turawa irin wannan ma'auni ba, ko da yake su ma suna da ra'ayin siyasa, su ma kuma sun saɓa wa juna a kan lokaci.

A nan akwai darasi ga mai nazarin harshe. Mutanen yankin Ndola Bemba da Lamba suke ji, amma da Ingilishi aka adana maganarsu, a kan sigar tambaya da amsa ta lauyoyi. Mutumin da ba ya ɗaura agogo yana auna dare da fitowar wata da carar zakara, idan kuwa aka matsa masa ya faɗi ƙarfe nawa, duk abin da ya faɗa kintace ne, sa'an nan a juyo a kama shi da wannan kintace a ce maƙaryaci ne. Daɗin daɗawa, an kama mutum uku daga cikin masu gawayin an ɗaure su saboda sun ɗauki kaya daga tarkacen jirgin, ciki har da na'urar rubutun sirri da suka zaci keken rubutu ce. Duk wanda ya ga haka a ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin mallaka zai yi tunani sau biyu kafin ya je gaban hukuma ya ce ya ga wani abu. Saboda haka jinkirin wasu shaidu wajen fitowa, wanda hukumar ta ɗauka alamar ƙarya ce, yana da wata fassara da ta fi kusa da hankali.

4.3 Furucin Mai Jinya

Harold Julien, Ba'amurke mai tsaron lafiyar Hamashold, shi ne wanda aka samu da rai. Ya yi awa 15 a kwance a daji da ƙuna a jikinsa, ya kuma rasu a asibitin Ndola ran 23 ga Satumba. Kafin ya rasu ya yi maganar fashewa da tartsatsi a sama. Masu binciken Rodeshiya sun ce sambatun mai zafin ciwo ne wanda aka ɗura wa magani. Williams ta kawo bayanan waɗanda suka yi jinyarsa da ke nuna cewa akwai lokutan da yake cikin hayyacinsa. Idan aka koma ga ma'aunin da aka kafa a sama, furucin Julien bai kai lausu irin na fiƙihu ba, tun da bai ambaci sunan kowa ba. Amma shi kaɗai ne shaida daga cikin jirgin, kuma maganarsa ta zo daidai da ta mutanen da ke ƙasa, waɗanda bai sani ba, ba su kuwa san shi ba. Haɗuwar shaidu biyu da ba su haɗa baki ba ita ce mafi nauyin abin da littafin ya mallaka.

5.0 Inda Littafin Ya Yi Rauni

5.1 Sunan Littafin

Rauni na farko yana kan bango. A ilmin ma'ana, tambayar da ta fara da "wa" tana ɗauke da wani zance a cikinta wanda aka riga aka amince da shi. Wanda ya ce "wa ya kashe wane?" ya riga ya ce "an kashe wane", saura kawai a cike gurbin mai aikatawa. Hausa tana bayyana wannan bambanci sarai. "Jirgin ya faɗi" jimla ce da ba ta neman kowa a bayanta. "An kayar da jirgin" ko "an harbo jirgin" kuwa jimloli ne da lamirin "an" ya ɓoye mai aikin amma ya tabbatar da akwai shi. Da wannan lamiri ne jita-jita ke rayuwa a kowace kasuwa, domin yana ba mutum damar ya yi zargi ba tare da ya ɗauki nauyin kama suna ba. Tambayar da hujjojin littafin suka isa su ɗauka ita ce "shin an kashe shi?" Sunan ya tsallake wannan mataki, mai karatu kuma yana shiga shafi na farko da amsar a hannunsa. Adalci ne a faɗi cewa a cikin littafin marubuciyar ba ta kama sunan wani ta ce shi ne ba. Sai dai wannan ma yana nuna cewa bangon ya yi alkawarin da cikin bai cika ba.

5.2 Tara Zato a Kan Zato

Rauni na biyu shi ne na tsari. Littafin ya kawo bayanai iri-iri a kan yadda aka yi kisan. Akwai na harbi daga wani jirgi, wanda shaidar masu gawayi ke goyon baya, tare da labarin Charles Southall, jami'in sojan ruwan Amurka, wanda ya ce a wata tashar sauraro da ke tsibirin Saifurus ya ji muryar matuƙi yana bayyana harin. Akwai labarin wani matuƙi ɗan Beljiyam da ake kira Beukels, wanda aka ce ya shaida wa jami'in diflomasiyyar Faransa Claude de Kémoularia a 1967 cewa ya harbi jirgin bisa kuskure yana ƙoƙarin karkatar da shi. Akwai na bam da aka dasa tun jirgin yana ƙasa, wanda ya samo asali daga wasu takardu da Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta Afirka ta Kudu ta bayyana a 1998, masu ɗauke da sunan wata ƙungiya da ake kira SAIMR. Akwai kuma zancen cewa Hamashold ya tsira daga faɗuwar, daga baya aka ƙarasa shi a ƙasa, tun da an sami gawarsa a gefe kusa da suri ba ta ƙone ba, kuma wani hafsan sojan Norwe, Bjørn Egge, ya ce a 2005 ya ga huda a goshinta.

Matsalar ita ce waɗannan bayanai ba sa ƙarfafa juna. Kowanne yana da nasa masu laifi da tasa hanya, kuma gaskatuwar ɗaya tana rage buƙatar saura. Amma idan aka jero su babi bayan babi, mai karatu yakan ji kamar nauyi ne ke ƙaruwa, har ya ce lalle da walakin, goro a miya. Wannan dabara ce ta mai ba da labari, kuma tana da daɗin karatu, sai dai zato goma da suka saɓa wa juna ba sa haɗuwa su zama hujja ɗaya. Takardun SAIMR musamman an ba su fili fiye da ƙimarsu, alhali kwafe ne waɗanda ba a kawo asalinsu an gwada ba. Sanya su a jeri guda da shaidar mutanen da suka tsaya a gaban hukuma tun 1962 yana rage wa shaidar masu gawayi kwarjini, ita da littafin ya zo ya ɗaukaka.

5.3 Ɓoye Abu Daban, Kisa Daban

Rauni na uku shi ne tsallakawa daga rufa-rufa zuwa laifi. Littafin ya tabbatar da cewa hukumomin Rodeshiya da na Ingila suna da abin ɓoyewa. Amma gwamnati tana iya ɓoye abu saboda dalilai da yawa: sakacin da ya bar mai rauni awa 15 a daji, ko taimakon da take ba sojojin hayar Katanga a asirce, ko satar sauraron saƙonnin Majalisar Ɗinkin Duniya. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa ya sa mai kaza a aljihu ya kasa jimirin as, ko da bai taɓa jirgin ba. Haka nan kasancewar mutane da yawa suna ƙin Hamashold, daga masu haƙar ma'adinai zuwa Turawan Rodeshiya, yana nuna akwai masu muradi ne kawai. Muradi kuwa ba aiki ba ne, kamar yadda samun gawa a unguwa bai sa 'yan unguwar sun zama masu kisa ba.

5.4 Bayanin Haɗari

Rauni na huɗu shi ne ƙarancin filin da aka ba bayanin haɗari. Tarkacen ya nuna cewa ƙafafun jirgin a sauke suke, injunansa suna aiki, kuma ya shiga itatuwa ne a hankali a kan layin da mai shirin sauka zai bi. Wannan siffa ce sananniya ta jirgin da matuƙinsa ya yi ƙasa fiye da kima cikin duhu ba tare da ya sani ba, irin haɗarin da ya yawaita a wancan zamani. Wasu daga cikin ma'aikatan jirgin sun daɗe ba su huta ba. An ma taɓa kawo zaton cewa an rikita taswirar saukar Ndola da ta Ndolo, wani filin jirgi a Leopoldville wanda ke ƙasa da Ndola ƙwarai a tudu, bambancin sunayen kuwa wasali ɗaya ne tak, ko da yake wannan zato bai tabbatu ba. Binciken da Bengt Rösiö ya yi wa gwamnatin Suwidin a 1993 ya karkata ne ga haɗari. Gaskiya ne cewa matuƙin da aka kai wa hari yana shirin sauka zai iya barin irin wannan tarkace, kuma wuta ta cinye mafi yawan jikin jirgin, ta yadda rashin samun hudar harsashi bai kore harbi ba. Amma littafin da ke neman a yi wa shaidun da aka raina adalci ya kamata shi ma ya kawo hujjar abokan hamayyarsa da cikakken ƙarfinta kafin ya rushe ta.

6.0 Abin da Ya Biyo Baya

Ba kasafai littafin tarihi ke motsa hukuma ba, amma wannan ya motsa. A 2012 aka kafa kwamitin manyan masana shari'a huɗu ƙarƙashin Sir Stephen Sedley, wanda a 2013 ya ce akwai dalilin sake buɗe bincike. A 2015 Babban Sakatare Ban Ki-moon ya naɗa kwamitin ƙwararru ƙarƙashin Mohamed Chande Othman, Babban Jojin Tanzaniya a lokacin. Othman ya ci gaba da aikin shi kaɗai, ya ba da rahotanni a 2017 da 2019 da 2022 da 2024.

Abin sha'awa shi ne kwamitin 2015 ya yi ainihin abin da littafin bai yi ba, watau ya ba kowane bayani matsayinsa. Zancen fashin jirgi bai sami wani nauyi ba. Zancen bam na takardun SAIMR ya sami nauyi mai rauni. Zancen cewa an harbe Hamashold bayan faɗuwa bai sami goyon bayan binciken likitoci ba, harsasan da aka samu a jikin wasu masu gadi kuma ba su da zanen da bakin bindiga ke bari, abin da ya dace da fashewarsu cikin wuta. Zancen hari daga sama kuwa, wanda ya dogara a kan shaidun gani da ido, ya sami matsakaicin nauyi. An kuma gano cewa Katanga tana da jirage da filayen tashi fiye da yadda masu binciken farko suka ɗauka. Rahoton 2017 ya ce mai yiwuwa ne hari ko barazana daga waje su ne sanadin faɗuwar, ya kuma ce nauyin kawo hujja ya koma kan ƙasashen da ke riƙe da takardun sirri. Rahoton 2024 ya tsaya a kan wannan matsayi, yana mai nuni da cewa Amurka da Ingila da Afirka ta Kudu ba su bayyana duk abin da ake kyautata zaton suna da shi ba. Watau tankaɗen da aka yi ya zubar da sassan littafin da suka fi ɗaukar hankali, ya bar sashen masu gawayi.

7.0 Kammalawa

Idan aka auna littafin Williams da matakai ukun da aka kafa, za a ga cewa ya wuce matakin zato nesa ba kusa ba, bai kuwa kai matakin yanke hukunci ba. Matsayinsa shi ne na tsakiya: ya kawo abin da ya isa a buɗe shari'a, an kuwa buɗe ta. Ƙarfinsa yana wurin da ya tsaya a kan takardun asali da shaidun da aka danne, rauninsa kuma yana wurin da ya bar kowane labari ya shigo don dai yana nuna akwai hannun wani.

Akwai abu biyu da masu nazarin adabin baka da tarihin baka za su ɗauka daga nan. Na farko, sunan "jita-jita" ba kullum yake bayyana ingancin magana ba, sau da yawa matsayin mai maganar yake bayyanawa. Abin da mai gawayi ya gani da idonsa an kira shi ruɗu a 1962, abin da wakilin Ingila ya zata kuwa aka rufe filin jirgi a kansa. Na biyu, maganin wannan zalunci ba shi ne a karɓi kowace magana ba. Shi ne a sa wa kowace magana ma'auni guda, a tambayi wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, da wane harshe, wa ya rubuta, me kuma zai samu ko ya rasa. Mafi yawan waɗanda suka ga sararin samaniyar Ndola a wannan dare sun riga mu gidan gaskiya, saboda haka abin da ya rage na amsar yana cikin ɗakunan ajiyar takardu na gwamnatocin da rahoton 2024 ya ambata.